Kakin Mai Babban Ƙaho

Shekara arba'in ina taka keken ɗinki a Zongo, cikin birnin Yamai, kuma ban taɓa satar ƙyallen kowa ba. Ina fara faɗin wannan ne don kada a ɗauka Shu'aibu tela mutumin banza ne tun asali. Lalacewar tawa ta rana ɗaya ce, sai dai na yi wata guda cur ina shirya ta.

A shekarar da fari ya ci ƙasa har kogin Kwara ya koma rairayi, wata mata mai suna Tabawa ta sauka a rumfar da ke bayan shagona. Daga wani ƙauye take, arewa da Tawa. Mijinta ya bi dabbobinsa zuwa lahira, ya bar ta da ɗa saurayi, Tanimu, da ƙaramar yarinya, Habsatu. A lokacin sojoji ke mulki, kuma ba sa son ganin irin su Tabawa a birni. Duk bayan 'yan makonni kamyo, wato babbar motar soja, ya zo, a kwashe 'yan gudun yunwa a mai da su inda suka fito, wato inda babu ko ganyen tafasa.

Tanimu dogo ne siriri, in ya tsaya sai ka ce sandar tabarya. Yana share gidan samari na unguwa, inda wani tsohon soja, Baba Abdulaye, ke gadin kayan busa. A cikin kayan akwai ƙaton ƙahon tagulla da ake kira tuba, wanda samarin birni suka ƙi saboda nauyi, kuma 'yan mata ba sa kallon mai ɗauke da shi. Tanimu ne ya rungume shi. Cikin wata takwas ya iya, har in ya busa sai allurai su yi ta rawa a gwangwanina.

Sai aka yi shela cewa za a kafa fanfar ta matasa, wato ƙungiyar mabusa da makaɗa, don bikin ranar Jamhuriya a Disamba. Nan da kwana arba'in za a yi gwaji. Wanda aka ɗauka zai samu kaki, da buhun shinkafa duk wata, da kati mai hatimi wanda ke hana a ɗora iyalinsa a kamyo. Ƙahon guda ne, don haka mutum guda za a ɗauka.

Baba Abdulaye ya zo har rumfa ya gaya wa Tabawa gaskiya ina ji. Ya ce, "Yaron nan ya fi kowa kunne, amma ƙahon nan ba baki ke busa shi ba, ciki ne. In ba ya cin abinci, numfashi zai yanke masa a tsakiyar waƙa."

Tabawa ta ce, "To, shi ci."

Abin da take samu a rana shi ne kwano ɗaya na garin rogo, ladan dakan da take yi wa matan gari. Da ana raba shi uku. Daga ranar sai ya koma na Tanimu, Habsatu ta samu abin da ya maƙale a gindin kwano. In ya tambayi uwar, sai ta ce, "Azumi nika ramawa, kai dai ci." Matar da ba ta sha azumi ko ɗaya ba, ta yi ta ramuwa har kwana arba'in.

Shi kuma yaron bai yi wasa ba. Da hantsi yakan kwanta a ƙasa ya ɗora bulo a ciki, yana ɗaga shi da numfashi. Yakan manna takarda a bango ya riƙe ta da iskar bakinsa, Habsatu na ƙirga masa. Da la'asar ya saɓa ƙahon zuwa bakin kogi, ya riƙa jan sauti ɗaya har leɓensa ya tsage.

A kwana na goma Ajudan Harouna, sojan da aka ba shirya fanfar, ya shigo shagona da yadi da takarda. Kaki talatin zan ɗinka. Na duba takardar sai na ga sunaye da awo, alhali saura wata guda a yi gwaji. A gaban kalmar tuba an rubuta Lawali, ƙugu santimita ɗari da huɗu. Na san Lawali, ɗan wani Alhaji ne mai manyan motoci a unguwar Dar es Salam, yaron da ko usur bai iya busawa ba.

Na ce da shi irin yadda sojoji ke kiransa, "Mon ajudan, ai ba a yi gwajin ba tukuna."

Ya dube ni kamar ya ga ƙuda a fura. Ya ce, "Tela, allura ce aikinka ko baki? Wanda ya haɗa biyun yakan rasa duka."

Na ce allura ce.

To, daga nan ne lalacewar ta fara. Kullum ina zaune ina yanka kaki, ta tagar baya ina kallon Habsatu na lashe yatsa a kwanon da babu komai. Gashinta ya yi ja, ƙafafunta suka kumbura, ta daina ƙirga wa yayanta numfashi don ƙirgan ma gajiyar da ita yake. Kalma huɗu za su isa: an riga an zaɓa. Da na faɗa, da an koma raba garin uku. Amma na ce da kaina, in Tabawa ta ji za ta yi kuka, unguwa ta ji, Ajudan ya san daga bakin wa ta fito. Ina da 'ya'ya biyar. Sau biyu na aika matata da sauran tuwo, na ji kamar na yi aikin hajji.

Ana saura kwana uku, Tabawa ta shigo da rigar marigayi mijinta, wai in rage wa Tanimu ya sa ranar gwaji. Kakin Lawali na rataye bisa kanta, da maɓallan ƙarfe suna sheƙi. Ta shafa shi da bayan hannu, don kada ta ɓata.

Ta ce, "Malam Shu'aibu, wanga na mai babban ƙaho na?"

Na ce nasa ne.

Ta yi dariya, karon farko da na ga haƙoranta. "Ai ya yi mai yawa! Amma ba komi, in shinkafa ta zo za shi cika shi."

Na rage rigar, na ƙi karɓar komai, ta fita tana sa mini albarka.

Ranar gwaji ni na kai kakin gidan samari, don haka a idona aka yi. Tanimu ya rungume ƙahon ya busa, kuma wallahi ban taɓa jin irinsa ba. Sautin ya taso daga ƙasa ya shiga ƙirjin mutane, masu surutu a taga suka yi tsit. Bai yanke ba ko sau ɗaya. Baba Abdulaye na share ido da hularsa. Lawali kuwa da ya karɓa, abin da ya fito kamar bijimi ya ci wake, yara suka kwashe da dariya.

Ajudan ya jinjina kai. Ya ce, "Madalla. Saura kaki. Kowa ya gwada."

Tanimu ya sa. Hannun rigar ya shanye yatsunsa, yana sakin wando ya zube a ƙafafunsa. Dariyar da aka yi wa Lawali ta juyo kansa, har ta fi. Lawali kuwa, da ya riga shi gwadawa, kakin ya zauna masa ɗas, abin mamaki.

Ajudan ya ce, "Busa ana koyo, jiki ba a koyonsa. Manyan baƙi za su zo daga waje. So kuke su ga wannan ƙwarangwal a sahun gaba, su ce ana yunwa a ƙasar nan?"

Baba Abdulaye ya miƙe. "Mon ajudan, ga tela nan zaune. Ya rage kakin mana!"

Duk ɗakin ya juyo gare ni. Aikin awa ɗaya ne, ko da ido a rufe. Tanimu na tsaye riƙe da wando da hannu biyu, yana kallona yadda mutum ke kallon kawunsa. Ajudan ma yana kallona, yana murza zoben hannunsa.

Na ce, "Irin wannan yadin ba ya raguwa. In aka taɓa shi lalacewa zai yi."

Baba Abdulaye ya daɗe yana dubana, sannan ya zauna. Ya san ƙarya ce, amma bai gaya wa kowa ba, shi ma yana da 'ya'ya.

Bayan mako guda kamyo ya shigo Zongo da rana tsaka. Sojoji suka bi rumfa rumfa suna neman kati. Tanimu ne ya ɗauko Habsatu a kafaɗa, don ta daina iya tsayuwa, kuma ta fi ƙahon sauƙin ɗauka nesa ba kusa ba. Na so in ɓuya a bayan keke, sai ga Tabawa a bakin shago da ƙullin kayanta a kai, soja na tura ta da gindin bindiga.

Ta ce wa sojan, "Dakata, ɗana, in yi bankwana da mutumen kirki." Ta juyo gare ni. "Malam Shu'aibu, tunda munka zo birnin ga, kai kaɗai ka ɗauke mu mutane. Ba ni da abin ba ka." Ta ɗaga hannuwanta biyu sama, duk ƙashi. "Allah shi yi ma ɗiyanka yadda ka yi ma nawa."

Maƙwabta sun cika titi, 'ya'yana biyar na tsaye a bayana, kowa na jiran in amsa addu'a.

Na ce, "Amin."