Tagar Aro a Bakin Rafi

A shekarun da gwamnati ke rabon filaye a Nebraska ta ƙasar Amurka, sharaɗin ba wuya a baki: ka gina gida mai ƙofa da taga, ka zauna, ka noma, fili ya zama naka. Ƙofa kam kowa na da ita, ko da ta fatar saniya ce. Tagar ce aiki. Wurin babu itace balle gilashi, gidajen ma da ɓawon ƙasa mai ciyawa ake ɗora su kamar tubali. A gidaje huɗun da ke bakin rafin, taga mai gilashi ɗaya ce tak, ta Lavinia matar Obadiah Tuttle, wadda ta rungumo ta cikin bargo tun daga Ohio. A hanya, da shanu suka gaji, ta yarda an jefar da kujeru da agogon bango, amma da aka zo kan taga sai ta ce sai dai a sauke Obadiah.

Da aka ji jami'in filaye na tafe duba gidaje, maƙwabta suka taru a gidan Tuttle, kowa yana satar kallon tagar. Baba Crump, tsohon da ya fi kowa daɗewa a wurin, shi ya kawo dabara: kowa ya huda ramin taga a bangonsa, a riƙa kai ta Lavinia gida gida ta kwazazzabo, masu gida kuma su tsare jami'in da abinci har tagar ta isa gida na gaba.

"Wa zai ɗauka?" Obadiah ya tambaya, sai ya ga duk shi ake kallo.

"Kai ke da alfadari," in ji Baba Crump.

"Maigida," Lavinia ta ce, "in za ka faɗi, ka faɗi ta ciki. Tagar tana bayanka."

Ran da jami'in ya iso a keken dokinsa, wani siriri mai gemun akuya, da gidan Baba Crump ya fara. Ya ga taga, ya gyaɗa kai, aka ja shi inuwa aka aje masa wake da naman zomo. Obadiah ya zagaya ta baya, ya ciro tagar, ya goya ta da igiya, ya haye alfadari. A gida na biyu, na Inna Halvorsen wadda mijinta ya rasu, ramin ya yi faɗi, sai da suka cusa tsummoki da tsohuwar safa. A na uku, gidan 'yan'uwa biyu 'yan Jamus, ramin ya yi kaɗan, Obadiah ya riƙa ƙwaƙular bango da cokali yana gumi, ga ƙarar keken doki na matsowa. Ya dai tura ta, a kife, ya faɗa cikin gonar masara ya kwanta.

Saura gidansa. A nan ne alfadarin ya ce ya gama aikin yau. Ya tsaya tsakiyar rafi, ruwa na sanyaya masa ƙafafu, ya lumshe ido. Obadiah ya lallashe shi, ya zage shi har kakanninsa jakuna, ya yi masa alkawarin masara, ko kunne bai motsa ba. Dole ya sauka, ya kama gudu da ƙafa, ruwa na ƙugi cikin takalmansa, taga na bugun ƙeyarsa.

Ya hauro tudun bayan gida yana haki, ya sha kwana, sai ga shi ido da ido da jami'in, zaune a ƙofar gida da faranti a cinya. Lavinia kuwa ta tsaya jikin bango ta baza faffaɗan siket ɗinta, tana tare ramin.

"Sannu da hanya," in ji jami'in. "Tagar nake gaisarwa, mun saba tun safe. Na gane ta da tsagar nan ta gefe. A gidan Jamusawa ma da ka ta tsaya."

Obadiah ya sauke tagar daga bayansa. Ya hango an kore su, ya hango doguwar hanyar Ohio, da bakin surukarsa wadda tun farko ta ce ba zai iya ba.

"Yallaɓai, gilashin muka kai wanki rafi."

"Kai dai saka ta in gani, bawan Allah. Na ci wake gida uku, ba ni da ƙarfin musu."

Obadiah ya saka ta. Jami'in ya dube ta, ya ce gida ya cika sharaɗi. Sannan ya ture farantin, ya yi ƙasa da murya, ya juya wajen Lavinia.

"Uwargida, ni ma na kama ɗan fili a hayin kogi. Kuma babbanmu zai zo dubawa bayan Lahadi."

Lavinia ta kalle shi daga hula har takalmi. "Ramin naka, ka auna shi kuwa?"

"Da ido dai."

"Maza ke nan. To, ba na ba da ita hannun baƙo. Maigidana zai kai maka, ya jira, ya dawo min da ita."

Obadiah ya buɗe baki zai yi magana, ta miƙa masa burodin masara ta ce ya ci ya je ya fito da alfadari daga ruwa. Ya tafi yana ɗingishi. Ya tarar da dabbar ta fito da kanta, ta shiga lambun Inna Halvorsen, ta cinye rabin kabejin, Innar kuma na tsaye da muciya tana jiran mai ita.