Darar da Cindo Ya Bari

A bayan gidan Arzika, can gefen garin Illo, akwai wata tsamiya da akuyoyi ba sa son inuwarta, ba wanda ya san dalili. A ƙarƙashinta tsohon yake zama kowace la'asar. Sai ya share rairayi da tafin hannu, ya dangwala gurabun dara da yatsa, ya zaro tsinkaye da duwatsu daga aljihun taguwarsa ya jera. Jerin nasa na wasa ne da ya riga ya yi nisa: tsinke nan, dutse can, wasu gurabun wayam. In ya gama sai ya zuba wa abin ido har a kira magariba, sannan ya kwashe ya shafe wurin. Bai taɓa matsar da ko ɗaya ba.

Da can, masu son dara kan tsuguna su ce a buga. Sai ya ɗaga musu hannu ya ce, "Tsinkaye ne nawa. Wasa yana hannun mai duwatsu, kuma bai iso ba." Da suka gaji suka bar shi da abinsa.

Mai duwatsun ƙanensa ne, Cindo, wanda aka haifa da yatsa shida a hannun dama. A Tungar Yero suka tashi, bakin kogin Kwara, 'ya'yan masunta. Wata shekara kifi ya yi ƙaranci, sai ga wasu masuntan Dendi za su haura ruwa zuwa ƙasar da tsofaffi har yau suke kira Dahome, Cindo ya ce zai bi su ya gwada rani guda. Ranar tafiya suna cikin dara a bakin gaɓa mai jirgi ya ƙwala kira. Cindo ya miƙe yana kakkaɓe wando ya ce, "Bar shi haka nan, Yaya. Ni ke da wasa. In na komo in yi."

Bai komo ba. Bayan wasu damuna ambaliya ta cinye Tungar Yero har da kukar da ake ɗaure jirage, mutane suka watse, Arzika ya faɗo Illo da iyalinsa. Ya je kasuwar Malanbil, can cikin Dahomen, yana cigiyar mai yatsa shida, aka kai shi wurin wani mai shayi. Yatsun dai shida ne, amma mutumin wani ne dabam. Ya ba Arzika shayi kyauta, suka zauna suna kallon juna kamar masu zaman makoki. Daga nan ƙafa ta yi nauyi, gemu ya yi fari, abin da ya rage masa na Cindo sai jerin nan da yake tayarwa a rairayi don kada ya ɓace masa daga kai.

To, a makarantar sakandaren garin an kawo wani malamin tarihi, Malam Jamaluddeen, saurayi mai son dariya. Ya tarar da yara suna gyangyaɗi da zarar an ce tarihi, sai ya fitar da su fili, ya zana Kwara da toka a ƙasa, ya mai da wasu fataken gishiri, wasu na kanwa da goro, wasu masu tsaron mashigi, aka yi ta ciniki da gardama har shugaban makaranta ya leƙo ya ga ko faɗa ake yi. Sannan ya buɗe wa ajin shafi a intanet, abin da ake kira bulog, inda kowane ɗalibi zai sa abin da ya samo daga bakin tsofaffin gidansu. A ajin nan akwai Sa'adiyya, jikar Arzika.

Ta same shi ƙarƙashin tsamiya da wayar babanta a hannu.

"Tsoho, Malam ya ce kowa ya kawo wasan kakanninsa. Ni ko naka zan kai, wanga da kake gadi kamar rumbu."

"Amarya, ke da tuwonki ke gudu a kwano, mi kika sani ga dara?"

"Ai kai ma ba ka sani ba. Tun da aka haife ni ban ga ka ci kowa ba."

Ta ɗauki hoton kafin ya hana. Washegari sai ga Malam Jamaluddeen da kansa, ya cire takalmi ya tsuguna ya gaishe shi. Arzika ya ba shi labarin a gajarce, yana kallon rairayi. Dariyar malamin ta ɗauke.

"Baba, ka ga abin da nake ta fama in nuna wa yaran nan? Iyaka a taswira layi ce kawai. Ga ta nan ta ratsa tsakiyar wasanku. In ka yarda mu sa hoton a shafinmu, mu tambayi duk mai karantawa, da shi ne mai duwatsu, wanne zai matsar."

"Wa ka ganin shafin naku?"

"Duk mai waya. Har Benin. Ina da aboki malami a Malanbil, zan tura masa ya juya wa ɗalibansa da Faransanci."

Da jin Malanbil, Arzika ya ɗago kai daga rairayi. Ya ce, "Ku sa."

Yaran suka yi wata dabara da ta burge shi. Don mai amsawa ya iya faɗin inda zai kai dutse, sai suka raɗa wa kowane gurbi sunan gari a kan tsohuwar hanyar fatake: Bagudo, Bahindi, Kurgu, Kaoje, Gaya, Karimama, har gurabun suka ƙare. Kowane ɗalibi ya ɗauki gurbi guda ya rubuta tarihin garinsa a ƙarƙashin hoton. Gurbin kusurwa na hannun daman mai duwatsu aka ba shi sunan Lolo, wanda ke kusa da shi kuma Illo.

Amsoshi suka fara zuwa. Sa'adiyya kan zo da la'asar ta karanto masa. Wani direba a Birnin Kebbi ya ce a ɗauke dutsen Lolo a kai Illo. Wani tela a Kamba ya ce haka. Wani da ya ce shi sarkin dara ne a tashar Yawuri ya ce ko makaho ya san dutsen Lolo ne, domin da shi za a jera uku a ci tsinke, a kuma toshe hanya. Duk wanda aka karanto, sai Arzika ya gyaɗa kai ya ce, "Wanga ya iya dara," ya kau da fuska wajen fadama.

Gaskiya suka faɗa, shi ma ya sani. Abin da bai gaya wa kowa ba, har da malamin, shi ne Cindo ba ya taɓa dutsen kusurwar dama. Tun suna yara ya sa masa suna Inna, saboda mahaifiyarsu takan zauna a kusurwar gaɓa, bisa wani fasasshen jirgi da aka kife, tana jiran su dawo daga su. An sha cinye shi saboda dutsen nan, abokai suna yi masa tsiya, shi ko yana dariya yana cewa a bar tsohuwa ta huta. Bayan ta rasu ma abin sai ya ƙaru. Don haka Arzika yana sauraron amsoshin gwanaye ne kawai, zuciyarsa tana jiran amsar wanda zai yi kuskure.

Kwanaki suka ja. Aji ya wuce zuwa wani darasi, suka koma wasan sarakuna da manzanni a fili, amsoshi suka ja baya har suka ƙafe. Yanzu shi ne yake tare Sa'adiyya a ƙofar gida tun ba ta ajiye jaka ba.

"Amarya, ba wani sabo?"

"Babu, Kaka."

In ta ce masa Kaka a maimakon tsoho, ya san tausayinsa take ji, abin kuma ya fi yi masa ciwo. Ya fara zama yana fuskantar dogon ƙarfen nan na sabis da ke bayan kasuwa. An ce masa ta nan maganganu suke bi. Yakan ga balbelu sun sauka a kansa, ya yi ta tunanin ko suna jin muryoyin mutane suna ratsa ƙafafunsu, ko a cikin muryoyin akwai wata mai ɗan kaushi da take jan ƙarshen magana. Wata rana ya kasa tuna ko tsinken tsakiya a gurbi na biyu yake ko na uku, sai da ya sa aka nuna masa hoton a waya. Daidai ya jera. Amma tsoron bai sake shi ba, domin ya gane kansa ya fara yoyo.

Ruwa ya janye daga fadama, an fara yankan shinkafa, sai ga Malam Jamaluddeen a kan babur wata la'asar, Sa'adiyya na biye da shi da gudu. Tun daga nesa yake dariya.

"Baba, yau dai an samu wanda ni ma zan iya cinyewa! Wata ɗaliba ce daga Malanbil, Aminat. Abokina ya ce sai yanzu ta samu ta nuna wa mutanen gidansu." Ya goge fuskar wayar da hannun riga ya karanta. "Ta ce, kakana ya shafa jerin da na yi masa a ƙasa, ya ce a ɗauke dutsen Kurgu a kai Bahindi. Na ce masa in an yi haka an faɗi, dutsen Lolo ya kamata. Ya ce ba a tada Inna daga wurin zamanta."

Malamin ya ɗago yana jiran a taya shi dariya. Ya ga tsohon ya dafa ƙasa da hannu biyu.

"Sake karanta ƙarshen."

Ya sake. Arzika ya miƙa hannu a hankali, ya ɗauki dutsen Kurgu, wanda ya yi sumul saboda shekarun aljihu, ya ajiye shi a Bahindi. Gurbin da ya bari ya zauna wayam, baƙo a idonsa. Sa'adiyya ta durƙusa kusa da shi.

Ba a sha wuya ba wajen samun lamba, abokin malamin ya turo. Aka kira, ta katse, aka sake kira, aka ji hayaniyar yara da kukan tunkiya, wata yarinya ta yi magana da yaren Dendi. Sai wata murya ta fito, ta tsufa, ta dushe, amma tana jan ƙarshen magana.

"Wa ke nan?"

"Mai tsinkaye."

Can muryar ta ce, "Yaya, na zo Tunga na iske ruwa. Na tambaya, wani ya ce kun yi Yawuri, wani ya ce ba wanda ya fita." Ta tsaya, ta yi tari. "To na yi wasana. Saura kai. Ka faɗa wa yarinya ta matsar min."

Arzika ya dubi rairayi. Kuskuren Cindo ya buɗe masa hanya sarai: tsinke guda zai gusa ya jera uku, daga nan sai ci bayan ci har duwatsu su ƙare. Ya san wannan tun ranar da jirgin ya tashi.

"Ba ni faɗi a waya."

"Tsoro kake ji?"

"Kai da ka shekara nawa kana tunanin wasa guda, ka kawo wanga? Jira nawa kai ma. A ƙasa zan yi shi, gabanka."

Ranar kasuwar Lolo ɗansa, mahaifin Sa'adiyya, ya ɗauke shi a babur har bakin ruwa, suka shiga jirgi mai inji. Da za su fita, Sa'adiyya ta bi su har ƙofar gida tana cewa, "Tsoho, duk abin da ka matsar a turo mana, aji duka suna jira, har an yi gardama a kanka!" A cikin jirgi Arzika ya zauna gefe. Hannunsa na cikin aljihu, yana kallon gaɓa tana wucewa, yana neman inda Najeriya ta ƙare bai gani ba, ruwa ɗaya ne da ciyawa ɗaya.

Ya tarar da Cindo a tsakar gida bisa tabarma, ya ƙanƙance, idanunsa sun yi fari fat. Suka riƙe hannun juna. Arzika ya bi yatsun da nasa yana taɓawa ɗaya ɗaya har ya kai ga ƙaramin nan na gefe, sannan ya yarda ya zauna. An kawo ruwa, an kawo fura, mata suna leƙe suna share ido, maƙwabta sun cika ƙofa. Da rana ta yi sanyi Aminat ta share musu wuri a gindin katanga. Arzika ya dangwala gurabu, ya zazzage aljihunsa ya jera, dutsen Kurgu yana Bahindi.

Cindo ya shafa jerin da tafinsa, ya tsaya a kan dutsen kusurwa, ya ɗan danna shi cikin rairayi.

"Bismilla, Yaya."

Arzika ya kai hannu kan tsinken da zai ci wasan, ya ji sanyinsa, ya wuce shi. Ya ɗauki wani can baya, wanda ba ya tsare komai, ya gusa da shi gurbi guda.

Cindo ya sake shafawa. Ya bi layin tsakiya, ya dawo, ya sake bi. Bakinsa ya fara motsi.

"Kai, ga ci a buɗe ka bari?"

"Ido ne ya tsufa."

"Ƙarya kake, ni ne makaho a gidan ga."

"To yi naka mu gani."

Cindo ya janye hannunsa ya ɗora a gwiwa. "Sai na yi tunani. Ba yau ba."

"Ba sauri nake ba," in ji Arzika. Ya juya ya ce wa Aminat ta ɗauki hoto ta tura wa 'yan ajin Illo, ta ce musu wasa ya koma hannun mai duwatsu. Sannan ya nemi a kawo kwando a kife a kan darar, kada kaji su tone ta kafin safe.