Wilf Ya Je Ofis da Kansa

Wasiƙar ta zo ranar Talata cikin ambulan ruwan ƙasa, irin wanda bai taɓa kawo wa kowa alheri a garin Barnsley na Ingila ba. Ofishin tallafin haya ya ce an biya Glenda Ackroyd fam dubu uku da ɗari biyu da ba haƙƙinta ba, don ta ce ita kaɗai take zaune alhali akwai namiji a gidan. Za a riƙa yanka daga tallafinta duk mako. Glenda sharar makaranta take yi, awa uku a rana. In aka taɓa kuɗin nan, sai ta bar gidan da ta shekara talatin a ciki. 

Sai idonta ya kai kan sunan namijin: Wilfred Ackroyd. Dariya ta kwashe ta har ta zauna daɓas a ƙasa.

Maƙwabciyarta Bev ta leƙo. "Ke, lafiya? Caca kika ci?"

"Miji na yi, Bev! Hukuma ta shaida."

"Wane mai tsautsayin ne?"

"Wilf mana. Wai yana nan."

Suka dubi kantar ɗakin, inda tulun tagulla mai tokar mijinta Wilf yake zaune shekara uku, tun da aka ƙona gawarsa.

"To ai ba su yi ƙarya ba," in ji Bev. "Da ransa ma bai taɓa zaman gida haka ba."

Washegari Glenda ta goge tulun ya yi ƙal, ta sa a jakar cefane. A bas ta ba shi kujerar taga, Bev tana nuna masa sababbin shaguna, suna ƙyaƙyata kamar 'yan matan amarya har direba ya waiwayo.

Jami'ar da ta karɓe su a ofishin tallafin, wata matashiya mai suna Imogen, ta gyara tabarau. "Mama, sunansa yana kan takardar kuɗin gas ɗinki har watan jiya."

Glenda ta ajiye takardar shaidar mutuwa, ta dire tulun a kai. "Ga shi nan, 'yata. Tambaye shi nawa yake samu. Ni shekara arba'in na yi bai gaya min ba."

Imogen ta cije leɓe, ta yi tari, ƙarshe dai ta kifa kai a tebur kafaɗunta suna rawa. Da ta duba, ashe mutuwar tana rubuce tun tuni, na'ura ce ta tsinto sunan ba wanda ya bincika. Nan take aka soke bashin. Bev ta sumbaci tulun. Daɗi ya kama Glenda kamar ta taka rawa.

"Sai dai abu ɗaya, Mama," in ji Imogen. "Ki cire sunansa daga takardar gas, in ba haka ba baɗi ma na'ura za ta sake kamo shi."

Dariyar Glenda ta tsaya cak. Ba mantuwa ta yi ba. Sau ɗaya a wata ambulan yakan faɗo ta ƙofa da sunansa, ita kuma takan ɗaga murya ta ce, "Wilf, ga wasiƙarka!" Abin da ya rage mata ke nan, kuma tana son abinta.

Imogen ta turo mata wayar ofis. Da mutumin kamfanin gas ya tambayi sunan wa za a sa, Glenda ta ɗora hannunta a kan tulun. Sannan ta faɗi nata.