Keken Baba Tela

Keken guragu ne ya lalata Dogo, kuma yayansa mai facin taya ne ya yi maganar da ta sa aka kawo keken.

Dogo ya sha giya har matarsa ta daina ajiye masa abinci. Yayan ya yi faɗa, ya yi duka, ya ja shi gaban fasto an ɗora masa hannu, duk a banza. Wanda ya tsayar da shi Baba Tela ne, tsohon da ɓarin jikinsa ya shanye, yake kwance a ƙarshen lungun da ke bayan shagon faci.

Tun yana da lafiya Baba Tela yake tara masu sana'ar layin a kan bencin mai faci kafin a buɗe shaguna: mai walda, mai aski, matar da ke sayar da sabulu, da duk wanda ya biyo. Babu wani tsari. A karanta aya, a tambayi wa ya kwana ba lafiya, a yi addu'a, kowa ya kama gabansa. Da ciwo ya kayar da shi, sai ya aika wai Dogo ya zo ya goya shi zuwa benci, don shi kaɗai ke da bayan da zai iya. Dogo ya zo yana warin giyar jiya, ya ɗauke shi, suka zube tare a bakin kwata. Tsohon ya share jinin goshinsa ya ce, "Gobe ma kai za ka zo. In ka sha, mu sake faɗuwa."

Ba a goyon tsoho a lungu mai santsi da buguwa a ka. Dogo ya fara kwanciya da wuri. Kullum da safe mai faci yana kunna injin iska zai hango su tafe, tsohon yana mita wai an saɓa shi kamar buhun siminti, Dogo yana cewa shi dai buhun siminti ba ya surutu. Dogo ya koma aikin gini. Matarsa ta koma ajiye masa abinci.

Daɗi ya kwashi mai faci. Wata Lahadi ya miƙe a coci ya ba da shaida, ya faɗi komai har da kwatar. Sakataren kwamitin bishara, mutum mai kirki da son tsari, ya zo layin washegari ya ga benci, ya girgiza kai. Ya ce aiki irin wannan bai kamata ya zauna tsakanin tsoffin tayoyi ba, dole a mayar da shi abin da zai ɗore. Za a koma da taron cikin coci ranar Alhamis da yamma, da kujeru da lasifika, a dakatar da na safe don kada a raba jama'a. Sa'an nan ya tambaya me tsohon yake bukata. Mai faci ne ya ce keke.

Ranar da aka kawo keken, sabo fil da ledarsa, Baba Tela ya juya fuska bango. 'Yan kwamiti suna tsaye a waje da mai ɗaukar hoto. Mai faci ya shiga ya durƙusa yana roƙonsa kada ya ba shi kunya.

"Ɗana, ka bar mini jakina," in ji tsohon. "Ba don kaina nake hawansa ba."

Mai faci ya ji, amma kunnensa yana waje wajen mutanen da ke jira. Ya ɗauki maganar rigimar tsufa, ya ciccibi tsohon da hannunsa ya ɗora a keke. Aka yi tafi.

Keke kowa yana iya tura shi, shi ya sa ba wanda ya zama aikinsa. Alhamis da yamma kuma lokacin ciniki ne. Mai aski ya je sau ɗaya ya daina, mai walda ma haka. Dogo kuwa aka ba shi sabon aiki. Aka buga hotonsa a ƙofar coci, ana yawo da shi unguwa-unguwa yana faɗin yadda Ubangiji ya raba shi da kwalba. Da kowa ya haddace labarin, aka daina kiransa. Yakan tashi da sassafe don sabo, ya tsaya a bakin lungu hannu a aljihu, ya koma.

Mai faci ya fara jin warin giya a jikin ƙanensa tun kafin matar Dogo ta zo tana kuka. Ya je wajen sakatare ya roƙa a dawo da taron benci. Sakatare ya ce bana kwamiti ya mai da hankali kan wata unguwa, amma za a sa Dogo cikin addu'a. Mai faci ya je ɗakin Baba Tela da nufin ya ɓoye keken, ya tarar tsohon ya daina magana, keke a kusurwa an shanya tsumma a kai. Bai daɗe ba ya rasu. Kwamiti ya karɓi kekensa ya mayar sito.

Da rana tsaka, a gaban shagon faci, Dogo ya faɗa titi yana tangaɗi, babbar mota ta bi ta kan ƙafafunsa. Yayan ne ya jawo shi, da baƙin taya a hannu.

'Yan kwamiti sun je asibiti, ba a ce ba su je ba. Sun yi waƙa, sun yi addu'a, sakatare ya ce an yi sa'a akwai keke a sito.

A cikinsa Dogo yake zama yanzu, kusa da benci, daga safe har a rufe shago. Matarsa ta kwashe yara ta tafi. Hotonsa yana nan a ƙofar coci, yana tsaye da ƙafafunsa biyu.