Gadon Kafinta

Ƙarar katako a kan matakala ce ta fito da ni, hannuna duk kumfar sabulu. Kafinta, maƙwabcina na shekara ashirin, ya cusa gadonsa a ƙofa ya maƙale, yana ta turawa da kafaɗa yana haki.

"Baba Kafinta! Ƙaura za ka yi ba sallama?"

"Kama min nan, Yaya. Maza, kafin yarinyar nan ta dawo."

Tun da ciwon mantuwa ya kama shi yake ce min Yaya, ni da ya ba wa shekara goma sha biyar. Yarinyar kuwa Auta ce, 'yarsa, malamar makaranta mai shekara arba'in da uku. Ita kaɗai ta rage masa, shi kaɗai ya rage mata.

Kwana ɗaya kafin nan na raka su asibiti, inda masu bincike ke karɓar yawun mutane a 'yar kwalba. Auta ta zayyana wa likita komai: kakarta ta rasu ba ta san sunan kowa ba, gwaggonta ma haka, yanzu ga mahaifinta.

"Likita, kar ka ɓoye min. Ni ce ta gaba?"

Ya sosa ƙeya. "Akwai ƙwayar halittar da ake samu ta gado. Amma yawancin binciken a kan Turawa aka yi shi. A jininmu ba lallai ta yi ƙarfi haka ba, ba mu gama sani ba tukuna."

Duk tsawon maganar Kafinta fankar silin yake kallo. Ashe ya tsinci kalma ɗaya ya riƙe.

Muna cikin kokawa da gadon sai ga Auta ta hawo, jakar littattafai a kafaɗa.

"Innalillahi! Baba, me ke nan?"

Ya dube ta kamar baƙuwa. "Malama, matsa. Likita ya ce a gado ake ɗauka. A kan wannan uwata ta manta ni. Ni ma da na hau, ga shi nan. 'Yata ba za ta kwanta a kansa ba."

"Baba, ba gadon kwanciya ba, gadon ji..."

Na mintsine ta a damtse. Ta haɗiye sauran.

Mu uku muka sauko da shi tsakar gidan. Mutumin da ba ya iya saka maɓallin riga, da ya riƙe guduma sai hannu ya dawo. Ya kwance gadon katako-katako, ƙusa ɗaya bai lanƙwasa ba. Mai shagon ƙasa ya leƙo yana dariya: "Tsoho, ango za ka sake zama ne, ake sabon gado?"

"Uwarka zan aura," in ji Kafinta, bai ko ɗago ba.

Auta ta yi dariya har ta zauna a ƙasa, daga nan dariyar ta juye kuka.

Kwana tara ya yi a katifa a ƙasa. Abinci ya ƙi shiga, sai ruwa a cokali. Ran na tara da hantsi ya kamo bakin zanen Auta.

"Malama, in kin ga 'yata, ki ce mata na gama da shi. Ta kwantar da hankalinta."

"Zan gaya mata, Baba."

Ta tafi ɗebo masa ruwa a kofi. Kafin ta dawo, ya cika. Allah ya jiƙansa.

Bayan wata guda sakamakon gwajin yawunta ya fito. Tana ɗauke da ƙwayar, guda ɗaya. Likita ya ce wasu kan kai tsufa da ita lafiya lau, ya ƙara da cewa ba su gama sani ba.

"Inna," ta ce min a bakin ƙofa, "in na fara, wa zai lura?"

"Ni mana. Ina za ni?"

Ta dubi furfurata.

Yau da safe na leƙa ta taga. Tana tsaye a ƙofarsu da shirin makaranta, tana laluben makulli a jaka da hannu ɗaya, ta zazzage littattafai a ƙasa. Makullin yana ɗaya hannun. Na buɗe baki, na rufe. Can ta gan shi. Ta daɗe tsaye tana kallon tafin hannunta, har motar makaranta ta yi oda sau biyu a titi.