Jarkoki Tara

Ungozoma ta gaji da wanke jariran da ba sa kuka. Shekara uku ke nan da babbar gonar gefen ƙauyen ta fara feshin maganin ƙwari. Iska na kwaso warin maganin har cikin ɗakuna, leburori kuma na dawowa gida da jarkokin da aka juye, mata na ɗiban ruwa da su. Ta yi faɗa har bakinta ya gaji, amma wa ke ƙin jarkar banza?

Da ƙyar ta samu wata lauya a gari da ta saurare ta. Lauyar ta ce kwamitin bincike zai zauna rana ɗaya tak, kuma ba ya karɓar hawaye a matsayin shaida.

"Mama, jarkokin nake so," in ji ta. "Waɗanda ba a taɓa ba, da takardarsu a jiki, da ragowar maganin a ciki. In wanda aka haramta ne, takardar za ta tona."

Sati biyu ungozoma tana bin leburori da lallashi kafin ta haɗa tara, don gonar ta ji ƙishin-ƙishin ta fara ƙone nata. Ta ɓoye su a ɗakin ajiyar matar ƙaninta, wadda ta binne jarirai biyu a jere. Ana gobe zama aka kira ta haihuwa a wani ƙauye, ba ta dawo ba sai da hantsi.

Ta tarar da jarkokin a jere a tsakar gida suna ƙyalli. Matar ƙanin ta dirje su da toka da yashi, ta ɗauraye sau uku. Babu takarda, babu wari.

"Yaya, ai ba ma kai wa manyan mutane kaya da dauɗa ba," ta ce. "Kar su ce ƙazantarmu ce ke kashe mana 'ya'ya."

Ungozoma ta buɗe baki za ta zazzaga masifa, sai ta ga tafukan hannun matar sun saɓule.

Haka suka kai su. Shugaban kwamitin ya ɗaga ɗaya, ya sunsuna, ya ce shi dai jarkar ruwa yake gani. Lauyan gonar ko tashi bai yi ba. Kafin azahar an rufe fayil, lauyarsu na tattara takardu ba ta iya kallon kowa.

A bakin titi, suna jiran mota, matar ƙanin ta matso kusa da ita.

"Yaya, tunda ba su karɓa ba, in ɗauki biyu? Tamu ta ruwa ta fashe."

Ungozoma ta dubi cikin da matar ke ɗauke da shi, ɗan wata biyar. Ta san idan lokaci ya yi, ita za a aiko a kira.