Wadda Ta Karanta Babi na Tara

Sana'ata magana ce. In ka kira wani asibiti ko kamfanin waya ka ji mace tana cewa ka danna ɗaya ko ka danna biyu, kada ka zage ta da yawa, wataƙila ni ce. Ina karanta talla, ina karanta darussa, ina kuma karanta littattafai don masu saurare a mota da waɗanda ido ya gaza musu. Ofishina kuwa kabad ɗin kaya ne a ɗakin kwanana, a hawa na uku. Na kwashe riguna, na manna barguna a bango, na rataye makirfo. Kafin in shiga sai na kashe firji da fanka, sannan in yi fatan maƙwabcinmu ba zai tayar da injin ruwansa ba.

Shekara shida ni kaɗai nake komai. Ni ce mai karatu, ni ce mai yanke kurakurai a kwamfuta, ni ce mai amsa saƙonnin masu ba da aiki. Da abin ya yi mini yawa, mahaifiyarmu ta ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ga Auta zaune a gida tun da aka rufe makarantar da take koyarwa. Auta ƙanwata ce, shekara biyu ce tsakaninmu, ciki ɗaya muka fito. In ban yarda da ita ba, da wa zan yarda?

Na miƙa mata komai ban da makirfo. Na koya mata yadda nake aiki: in na yi tuntuɓen harshe sai in tafa hannu sau ɗaya in maimaita jimlar, ita kuma ta bi inda tafin ya bar alama ta yanke. Ta iya goge numfashi da ƙarar haɗiyar yawu. Na ba ta lambar sirrin akwatin saƙona da mukullin gida. Daga nan na daina sauraren aikina bayan an gama shi, don dama ni ba na son jin muryata, kuma ina lokacin yake?

Laifina ɗaya, kuma ba zan ɓoye shi ba. Wata rana mura ta kama ni, wani mai talla ya aiko yana so a sauya masa kalma guda, ranar da za a buɗe shagonsa. Na dubi Auta na ce ta shiga kabad. Muryarmu dama tana kama, mutane kan rikice a waya.

"Matso da bakinki," na ce mata. "Sauke murya kaɗan. Ki yi murmushi kafin ki fara, ana jin murmushi a kunne."

Ni ina da wushirya, iska kan ɗan yi fito a tsakanin haƙorana. Auta ba ta da ita, sai na nuna mata inda za ta ɗora harshe. Ta gwada sau huɗu, a na biyar ta fito sak. Muka yi ta dariya har da riƙe ciki, muka aika, ba wanda ya gane. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

Bayan wata uku babban aiki ya zo. Wani kamfanin littattafai ya ba ni tarihin rayuwar wata ungozoma, babi ashirin, da alkawarin cewa in ya yi kyau akwai littattafai biyar a bayansa. Irin aikin da na yi shekaru ina nema ke nan, wanda ake faɗar sunan mutum a farkonsa. Sharaɗinsu guda ne, a rubuce: ni da kaina zan karanta, daga farko har ƙarshe.

Na ba shi duk abin da nake da shi. Da safe in yarana sun tafi makaranta nakan shiga kabad in yi awa huɗu, in fito jiƙe da gumi, maƙogwaro kamar an goga masa yashi. Da rana in kai mahaifiyarmu gashin ƙafa a asibiti, in bar Auta da kwamfuta. A babi na sha huɗu, inda jariri ya mutu a hannun ungozomar, kuka na yi na gaske. Na ce wa Auta kada ta gyara rawar da muryata ta yi a wurin. Ta ce to, Yaya.

Ranar babi na ashirin Auta ta tafi cire haƙori, ta kwana biyu da kumburarren kunci. Na ce ai ban manta hannu ba. Na yanke, na goge, na aika da kaina. Washegari da hantsi furodusan kamfanin ya kira ni.

"Ranki ya daɗe, gara in faɗa miki da baki, ba a rubuce ba," in ji shi. "Mun yarda ke za ki karanta. Wa kika ba babin ƙarshe?"

Na yi dariya. "Wa zan ba? Ni ce."

"Haba. Shekarata goma sha biyar ina sauraren muryoyi. Wannan ta yi ƙoƙari, ta ma kwaikwayi ɗan fiton nan naki, amma a gajiye take, tana jan numfashi a tsakiyar jimla. Ki saurari kanki daga babi na tara zuwa sha tara. Tun da muka dawo miki da na taran nan sau biyu kika sake shi, ba mu ƙara samun abin cewa ba. Waccan muryar muke so. Na ba ki kwana uku, ki karanta shi da kanki, ni kuma zan yi kamar ban ji komai ba."

Ban san an taɓa dawo da babi na tara ba. Ko sau ɗaya.

Na zauna a bakin gado na sa na'urar kunne, na buɗe babi na tara a cikin waɗanda aka aika. Jimlar farko ta wuce ban ji komai ba. A ta uku na ji bambancin. Ni nakan tsaya kafin in ambaci sunan mutum, wannan ba ta tsayawa. Na tsallaka zuwa sha huɗu, wurin jaririn. Muryar ta yi rawa, a daidai inda ya kamata, ta tsaya a daidai inda ya kamata, tsaf kamar an auna. Ba kukana ba ne. Na nemi nawa a ma'ajiyar kwamfuta. Daga tara zuwa sha tara babu ko ɗaya.

Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa. Ni da nake tsoron wata baƙuwa ta ƙwace mini aiki, ashe da mukullina ake shiga.

Da azahar Auta ta zo, hannu a kunci. Ban ce mata sannu ba. Na kunna babin a lasifika na bar shi yana yi. Ta tsaya a bakin ƙofa da jakarta, ba ta ko musa ba.

"Sun ce muryarki ta gaji, Yaya. Sau biyu. Sun ce in ba a gyara ba za su nemi wata. Kina fama da Mama, kina fama da yara, in zo in ce miki me?"

"Ki ce mini gaskiya! Muryata ce, sunana ne. In hutu nake bukata ai sai in huta."

"Da kin huta? Ke?"

"Babi ɗaya aka dawo da shi. Sauran goman fa? Wa ya aike ki?"

Ta ajiye jakar a hankali.

"Na farkon don ke na yi. Sauran..." Ta ɗaga kai ta dube ni. "Wata takwas ina zaune ina goge numfashinki. Ni ma ina da baki, Yaya. Da suka rubuto cewa ya yi kyau, ban taɓa jin abin da na ji ba."

"Nawa fa? Ina kika kai su?"

"Kwamfutar ta cika."

Wannan ce ta fi yi mini ciwo. Wata biyu ina shiga kabad ɗin nan ina dafuwa, ina tafa hannu kamar mahaukaciya, ashe ba mai yanke komai. Tana jira in fita da mahaifiyarmu, sai ta share muryata ta hau kujerata. Kullum in na dawo sai ta miƙo mini ruwan ɗumi da zuma ta ce sannu da aiki. An sayar wa mutane ungulu da kan zabo, da sunana a kai, kuma sun ce ungulun ta fi daɗi.

"Bari in karanta na ashirin ɗin," in ji ta a hankali. "Awa biyu na gama. Ba wanda zai sani."

"Ajiye mini mukullina."

Ta ajiye shi a kan tebur. Na yi lissafin abin da ya rage mini. In na faɗi gaskiya, na karya sharaɗi, littattafai biyar sun tafi, sunana ya ɓaci a wurin duk mai ba da aiki. In na bar ta ta karanta, na sa hannu ke nan da kaina cewa ba a bukatata. Saura hanya ɗaya, kuma ita ce mafi ɗaci.

Na kashe firji, na kashe fanka, na shiga kabad na ja ƙofa. Na sa babi na sha tara a kunne, na saurari jimla ɗaya, na tsayar, na maimaita yadda ta faɗe ta. Bai yi ba. Na tafa, na sake. Shekara shida da sana'a, ga ni ina koyon muryar wadda ta koyi tawa. Na tafa har tafin hannuna ya yi zafi, hawaye suna sauka a kan takarda.

Na ɗauka ta tafi. Sai na ji motsi a bayan ƙofar kabad, sannan muryarta ta ratso bargo, ƙasa-ƙasa.

"Matso da bakinki, Yaya. Sauke murya kaɗan. Ki yi murmushi kafin ki fara."

Na goge fuskata da gefen mayafi. Na matso da bakina. Na yi murmushin.